Ba'alu, Gunkin Mutanen Annabi Ilyasu: Asalin Sunan Da Inda Ya Ƙare

Duk almajirin da karatunsa ya kai Suratus Saffati ya gamu da sunan Ba'alu, wurin da Annabi Ilyasu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ke tsawata wa mutanensa don sun bar Mahalicci suna kiran gunki. Nan kaɗai aka ambaci gunkin a cikin Alƙur'ani. Amma kalmar ita kanta ta zo a waɗansu wurare, ba kuwa gunki ta ke nufi ba. A Suratu Hudu, sa'ad da mala'iku suka yi wa Saratu bushara da Is'haƙu, da wannan kalma ta ambaci mijinta Annabi Ibrahimu, tana mamakin tsufansa. A Baƙara da Nisa'i da Nuri ma miji a ke nufi da ita. To, ƙaƙa aka yi kalma guda ta zama sunan mijin aure, ta kuma zama sunan abin bautar ƙarya?

Amsar tana cikin harsunan nan 'yan'uwan juna waɗanda a ke jingina wa Samu ɗan Nuhu, watau Larabci da Ibrananci da Suryananci da Habashanci, da harshen Kan'aniyawa da na Babila. A cikinsu ba'alu ma'anarsa mai abu. Mai gona ba'alun gonarsa ne, miji ba'alun matarsa ne. Waɗansu masu tafsiri na farko ma sun ce ba'alu shi ne ubangiji da harshen mutanen Yaman. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, da ya ke shi ma da kalma ɗaya, maigida, ya ke kiran mai mallakar gida da mijin matar gidan. Ashe Ba'alu laƙabi ne. Haka yawancin gumakan mutanen nan su ke: Uzza ta Nakhla ma'anarta mafi buwaya, Manata ta Ƙudaidu kuwa masu lugga sun danganta ta da rabon da aka yanka wa mutum, asalinta ɗaya da maniyya, watau ajali.

Sunan yankan Ba'alu ya fito fili daga ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 1928 ta Miladiyya wani manomi yana huɗa a bakin tekun Siriya, kimanin mil bakwai arewa da Laziƙiyya, sai garmarsa ta ci karo da dutsen wani tsohon kabari. Da shekara ta kewayo wani Bafaranshe, Claude Schaeffer, ya soma haƙa a tudun da ke kusa, wanda a ke kira Ra'asu Shamra, aka tarar da kufan wani birni mai suna Ugarit, wanda ya rushe wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki aka sami allunan yumɓu masu rubutu da baƙaƙe 30, an dandanna su da tsinke tun yumɓun yana ɗanye. Zuwa 1930 an warware karatunsu, abin da ya sauƙaƙa aikin kuwa shi ne kusancin harshen da Larabci da Ibrananci. Har allon koyon baƙi aka tono daga baya, jerinsa ya yi kama ƙwarai da Abajada hawwaza.

Allunan sun nuna sunansa Haddu, ko Hadadu, wanda suka riya shi ne mai tsawa da hadari da ruwan sama. Malamin lugga zai tuna da haddu na Larabci, ƙarar rugujewar abu mai nauyi. Tatsuniyarsu ta ce ya yi yaƙi da Yammu ya ci nasara, aka gina masa fada bisa dutsen da Larabawa ke kira Jabalul Aƙra'i, sa'an nan Motu ya haɗiye shi, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, har ƙanwarsa Anatu ta kama Motu ta sare shi, ta ƙone, ta niƙa, ta watsa a gona, kana Ba'alu ya komo da damina. Waɗannan abokan gaban nasa ba sa bukatar tafinta. Yammu shi ne alyammu, kogin da aka jefa Annabi Musa yana jariri. Motu shi ne almautu. Abin mamaki ma, masu nazarin harsuna sun tabbatar da cewa mutu na Hausa ba aro ba ne daga Larabci, gado ne tun daga tsohon tushen da ya haɗa Hausa da harsunan nan da na Masar ta dā da na Buzaye.

Wanda ya san haka zai ga hikimar da ke cikin labarin Annabi Ilyasu. Littattafan Bani Isra'ila sun ce a zamanin Sarki Ahabu, cikin ƙarni na tara kafin Annabi Isa, matar sarkin, Izabilu 'yar sarkin Saida, ita ce ta ƙarfafa bautar Ba'alu, aka kuwa jarrabe su da fari shekara uku. Gunkin da aka ce shi ke riƙe da ruwa, ta kan ruwan nan aka tona asirinsa.

Daga nan sunan ya soma lalacewa a bakin Bani Isra'ila. Da fari ba su ƙyamace shi ba, gama wani ɗan Sarki Ɗalutu ma Ishba'alu a ke ce da shi. Daga baya marubutansu suka ji nauyin kalmar, suka musanya ta da boshet, watau abin kunya, ya koma Ishboshet. Gunkin garin Ekron na Filistiyawa kuwa suka rubuta shi Ba'alu Zabub, ubangijin ƙudaje, zabub shi ne zubabu na Larabci. Da aka karanta allunan Ugarit sai aka ga ana yi wa Ba'alu kirari da zabul, watau yarima, masana da yawa suka ce lalle ba'a ce aka yi, aka sauya harafi ɗaya yarima ya zama ƙuda. Akwai masu cewa a'a, gunkin korar ƙudaje ne da annoba tun asali, amma maganar farko ta fi ƙarfi, domin a cikin Linjila ta Helenanci sunan ya komo da laminsa, Ba'alzabul, sai dai yanzu sarkin aljannu a ke nufi. Ta wannan hanya Turawa suka gaje shi, ya zama ɗaya daga sunayen Shaiɗan a wurinsu. Can Arewacin Afirka kuwa mutanen Kartaja, kusa da Tunis ta yau, ba su daina alfahari da shi ba. Jaruminsu Hanibal, wanda ya hau wa Rumawa da giwaye a shekarar 218 kafin Annabi Isa, ma'anar sunansa tagomashin Ba'alu.

A wurin Larabawa kalmar ta bi wata hanya dabam, ta sauka a babin zakka. Mai karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik zai tarar da hadisin zakkar amfanin gona ya kasa shuka kashi biyu. Abin da ruwan sama ya shayar, ko idon ruwa, ko kuwa ya kasance ba'alu, ushiri a ke fitarwa, buhu ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahalar jan ruwa, rabin ushiri. Masu lugga sun fassara ba'alu a nan da dabinon da ke shan ruwa da saiwarsa, ba mai yi masa ban ruwa. Malaman Yahudu ma a littafinsu na Mishna suna kiran irin wannan gona gidan ba'alu. Wani Bature mai suna Robertson Smith, a littafin da ya buga a 1889, ya kawo hujja cewa asalin maganar gonar da mutanen dā suka ɗauka Ba'alu ne ke shayar da ita da kansa. Fuƙaha'u ba su nufi gunki ba, wannan ba shakka a ciki, gama ma'anar nan ta riga ta goge kafin kalmar ta iso hannunsu. Har yau manoman Sham da Falasɗinu suna ce wa noman damina ba'ali, a kasuwa kuma ɓauren ba'ali da tumatirin ba'ali a ke yabo da sun fi na ban ruwa daɗi.