Malamar da ta haura shekara 30 tana bin sawun ƙanjamau

Likitan asibiti mutum ɗaya yake dubawa ya ba shi magani ya sallame shi. Amma akwai wasu malaman lafiya da gari sukutum suke dubawa, su ƙidaya wanda ya kamu da wanda bai kamu ba, su bi sawun cuta har su gano ƙofar da take shigowa. Cikin irin waɗannan malamai a Afirka, da wuya a ambaci uku ba a sa Farfesa Quarraisha Abdool Karim ba, wato Kuraisha Abdulkarim a bakinmu.

An haife ta a 1960 a garin Tongaat, kusa da Durban a Afirka ta Kudu, cikin zuriyar Indiyawa, zamanin mulkin wariyar launin fata. Jami'ar da aka ware wa Indiyawa, Durban-Westville, nan ta yi digirin farko a 1981. Daga baya ta tafi Jami'ar Kolambiya a Amurka ta gama digiri na biyu a 1988, ta komo gida tare da mijinta, Dakta Salim Abdulkarim, wanda shi ma sana'arsa ke nan. Tun daga lokacin tare suke aiki.

A 1990 ƙanjamau bai yi ƙarfi a ƙasarsu ba tukuna. Sai suka bi ma'aikatan da ke ɗibar jini don zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan KwaZulu, suka auna jinin mutum fiye da 5,000. Waɗanda aka samu da ƙwayar cutar ba su kai 2 cikin 100 ba, amma abu biyu suka fito fili. Na ɗaya, mata sun ninka maza wajen sau uku, kuma 'yan mata suna kamuwa tun da ƙuruciya, shekaru kafin samari sa'o'insu. Na biyu, wanda bai daɗe da sauya mazauni ba ya fi na zaune kamuwa, shi ma wajen ninki uku.

Wannan na biyun ya kamata mu tsaya a kansa, mu da muke zaune a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan da Shagamu. A can Afirka ta Kudu gwamnatin Turawa ce ta tsara cin-rani da doka: namiji ya tafi haƙar zinariya a Johanasbag, a ajiye shi a barikin maza zalla, iyali kuwa an hana su binsa, sai ya ga gida sau ɗaya ko biyu a shekara. Mu ba doka ta raba mu da iyali ba, neman abinci ne da tsadar ɗaki. Amma cuta ba ta tambayar dalili. Mai gida ya yi wata goma a kudu, ya koma gida da tsaraba, matar da ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba ita ce za ta kwana a ciki.

Daga nan Malama Kuraisha ta shiga wuraren da direbobin manyan motoci ke yada zango a kan hanyar Durban zuwa Johanasbag, ta zauna da mata masu zaman kansu. Ta tarar sun san amfanin kwaroron roba sarai. Abin da ya gagare su shi ne sa namiji ya yarda. In mace ta nace, ko a rage mata kuɗi, ko a tafi wurin wata, ko ta sha duka. Matar aure kuwa ta fi su shiga uku, don ita ko tayar da maganar ba ta isa ta yi ba. To, a nan ne ta ƙudura cewa sai an samo kariyar da ke hannun mace ita kanta.

Ta ɗan riƙe shugabancin shirin yaƙi da ƙanjamau na ƙasa a gwamnatin Mandela, sa'an nan ta koma bincike, ta karɓi digirin dakta a Jami'ar Natal a 2000. A 2002 ita da mijinta da abokan aiki suka kafa cibiyar CAPRISA a Durban. Ba lokaci ne mai daɗi ba, don Shugaba Thabo Mbeki yana ta jayayya a kan ko ƙwayar cutar ce ma ke kawo ƙanjamau, asibitoci kuwa sun cika.

Neman man da mace za ta sa a gabanta ya hana cutar shiga ya ci shekaru ana faɗuwa. Wani da aka gwada, sakamakonsa ya fito a 2000, ashe ƙara haɗarin yake yi. Wani kuma, da aka gwada har a Legas da Fatakwal, sai da aka tsayar da gwajinsa a Janairun 2007. Cikin wannan shekara ce suka fara nasu da maganin tenofovir, wanda aka riga aka sani a ƙwayar sha, suka mai da shi mai. Mata 889 suka shiga, daga birnin Durban da ƙauyen Vulindlela. Rabi aka ba su mai magani, rabi wanda babu kome a ciki, ba wadda ta san nata. Ana sa shi cikin awa 12 kafin saduwa, a kuma sake cikin awa 12 bayanta. Da aka buɗe lissafi, 60 sun kamu a cikin marasa magani, 38 a cikin masu magani, wato ragin kashi 39 cikin 100. Waɗanda suka kiyaye ƙa'ida sosai ragin ya kai 54. Ga kuma ribar ƙafa: wata cutar saduwa mai fitar da ƙuraje a gaba ta ragu da rabi. Ran da aka faɗi wannan a babban taron ƙanjamau na Biyena, ƙasar Ostiriya, cikin Yulin 2010, sai da zauren ya miƙe tsaye ana tafi.

Amma fa man nan bai kai kasuwa ba. An sake gwada shi a kan mata fiye da 2,000, sakamako ya fito a 2015, babu bambanci: 61 a nan, 62 a can. Yawancin 'yan matan ba su iya sa shi a kan kari ba. Ni dai a ganina ba laifinsu ba ne. Yarinyar da ba ita ke yanke ranar da za a neme ta ba, kuma tana ɗaki ɗaya da iyaye, ina za ta ɓoye kwalin magani, balle ta lissafa awa 12?

Duk da haka gwajin 2010 shi ne ya fara nuna cewa maganin ƙanjamau yana iya tsare mace mai lafiya daga kamuwa ta saduwa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙwayar rigakafi ta sha kullum ga duk mai cikin haɗari. A 2024 wasu malaman suka gwada allurar lenacapavir, sau biyu a shekara, a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin mata 2,134 da aka yi wa ba ko ɗaya da ta kamu.

Wani bincikensu na baya ya bi dangantakar ƙwayoyin cutar daga mutum zuwa mutum, ya nuna 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 25 galibi daga mazan da suka girme su da wajen shekara 9 suke ɗauka. In sun girma kuma su ba sa'o'insu, su kuwa su juya kan wasu yaran.

Lambobin yabo kam ta tara. A 2023 ta zama mace ta farko da ta shugabanci TWAS, ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, a 2024 kuma ita da mijinta suka karɓi lambar Lasker ta Amurka.

A nan gida, a Legas aka fara gano cutar, aka ba da sanarwa a 1986. Babban binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita. Cikin 'yan shekara 15 zuwa 49, mata kashi 1.9 ne cikin 100, maza 0.9, wato matan sun ninka mazan sau biyu.