Wuƙaƙen Bob Loveless: Gane Hannun Gwani da Zaɓen Abin Tarawa

Kowace wuƙa da aka ƙera da hannu tana ɗauke da shawarwari masu yawa waɗanda mai ƙera ta ya yanke tun kafin ƙarfe ya sha wuta, kamar inda tsini zai faɗa, da kaurin da gadon bayanta zai yi, da yadda ƙota za ta zauna a tafin hannu, da wurin da nauyi zai taru idan aka ɗora ta a kan yatsa. Mai tsara wuƙa, wato wanda yake zana siffarta yana yanke waɗannan shawarwari, shi ne mutumin da masu tara wuƙaƙe a Amurka da Turai da Japan suke bibiya, har ta kai ga sunansa yana iya ninka kuɗin wuƙa sau goma ko fiye. A cikin masu wannan sana'a na ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda tasirinsa ya kai na Robert Waldorf Loveless, wanda aka fi sani da Bob Loveless, kuma duk wanda ya fahimci dalilin da ya sa wuƙaƙensa suka fito da kamanninsu ya sami ma'aunin da zai riƙa auna aikin kowane gwani da shi.

An haifi Loveless a shekarar 1929 a garin Warren na jihar Ohio, kuma tun yana matashi ya shiga aikin jiragen ruwa na fatauci. A shekarar 1953 ya je kantin Abercrombie & Fitch da ke Niyok, wanda a lokacin ya shahara da sayar da kayan farauta, da niyyar sayen wuƙa ƙirar Randall, sai aka shaida masa cewa zai jira wata tara kafin ta iso hannunsa. Maimakon ya jira, sai ya samo sifirin na wata tsohuwar mota ƙirar Packard a wurin 'yan gwangwan, ya gurza shi ya fitar da wuƙa, ya gasa ta a murhun girkin jirgin da yake aiki a ciki. Kantin ya ga aikin ya yaba, kuma daga 1954 ya fara sayar da wuƙaƙensa ƙarƙashin sunan Delaware Maid, domin a garin Claymont na jihar Delaware yake yin su. Waɗannan wuƙaƙe na farko sun ɗauko kamanni sosai daga na Randall, kuma sai bayan da ya koma Kalifoniya, inda ya zauna a Lawndale sannan ya tare a Riverside a farkon shekarun 1970, salonsa na kansa ya nuna ya kai inda za a gane shi daga nesa.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne wuƙar farauta mai saukakken tsini, wadda ake kira Drop Point Hunter. Wuƙaƙen farauta da suka yi tashe a Amurka kafin wannan lokaci sun gaji siffar wuƙar Bowie, dogaye ne masu nauyi, tsininsu yana kallon sama, abin da yake burge ido amma yake wahalar da mai fiɗa. Idan mafarauci ya kayar da barewa ya zo farke cikinta, yakan juya kaifin wuƙa sama, ya zura tsinin ƙarƙashin fata, ya tura gaba yatsunsa biyu suna yi masa jagora. To idan tsinin ya lanƙwasa zuwa wajen gadon baya, a wannan riƙo sai ya koma yana kallon kayan ciki, kuskure kaɗan ya huda tumbi ko hanji, ƙazanta ta malale a kan nama ta ɓata shi. Loveless ya sauko da gadon bayan wuƙar a hankali cikin lanƙwasa mai laushi har tsinin ya zo kusa da tsakiyar faɗinta, ta yadda bayan wuƙar ne yake zamewa a kan kayan ciki yana danne su, tsinin kuwa yana tafiya a ɗage bai taɓa komai ba. Ruwan wuƙar bai cika wuce inci huɗu ba, domin a ganinsa aikin fiɗa ba ya bukatar fiye da haka. Ba shi ne mutum na farko da ya taɓa sauko da tsinin wuƙa ba, amma shi ne ya daidaita gwargwadonsa har ya zama abin koyi, kuma a yau da wuya a shiga kantin kayan farauta a ko'ina cikin duniya ba a ga jikokin wannan siffa ba.

Shawara ta biyu tana ɓoye cikin ƙota, kuma a nan ne mai ido yake bambanta da mai kallo kawai. Wutsiyar wuƙa ita ce ɓangaren ƙarfen da ya zarce daga ruwanta ya shiga cikin ƙota. Akwai masu yin ta siririya su cusa cikin itace ko ƙaho, akwai kuma masu barin ta da cikakken faɗin ƙota su manna mata ɓari biyu, ɗaya ta kowane gefe, wanda ya fi ƙarfi amma yake jawo nauyi baya har wuƙar ta riƙa rinjaya zuwa gindi. Loveless ya farfaɗo da wata tsohuwar dabara, wato ya bar wutsiyar da cikakken faɗinta amma ya gurje kaurinta sannu a hankali daga inda ƙota ta fara har zuwa ƙarshe, inda takan zama ɗan siririn layi. Sakamakon haka nauyi yakan dawo daidai wurin yatsan manuni, wuƙar ta ji kamar ba ta da nauyi alhali ƙarfinta yana nan. Aikin yana da wuya, domin dole gurzar gefe biyun ta zo daidai kuma ta kwanta sumul, in ba haka ba ɓarin ƙotar ba za su manne ba tare da kafa ba. Tsakanin ƙarfen da ɓarin yakan shimfiɗa wani jan falle siriri, wanda idan aka kifa wuƙar aka dubi gadon bayanta za a ga jajayen layuka biyu suna matsowa kusa da juna har su kusa haɗewa a gindi, kuma daidaiton waɗannan layuka shi ne abu na farko da ƙwararren mai tarawa yake dubawa kafin ma ya taɓa kaifi.

Ita kanta ƙotar, ko da yake ya yi aiki da ƙahon barewar sambar ta Indiya da hauren giwa da itatuwa masu tsada, abin da ya fi so shi ne Micarta, wani abu da ake yi ta hanyar jera ƙyallaye ko takardu a jiƙa su da ƙaron masana'anta a matse da zafi har su sandare, wanda asali kamfanin Westinghouse ya samar domin kayan lantarki. Ba ya kumbura da ruwa, ba ya tsagewa da sanyi, jini da kitse ba sa lalata shi. Masu sayen wuƙa don ado sun fi rububin ƙaho da haure, amma koriyar Micarta ta fi bayyana tunanin mutumin, domin ita ce zaɓin wanda yake hango wuƙarsa a hannun mafarauci cikin ruwan sama.

Ta fuskar ƙarfe ma ya buɗe hanya. A farkon shekarun 1970 ya fara amfani da wani ƙarfe mai suna 154CM na kamfanin Crucible, wanda aka samar domin sassan injin jirgin sama masu jure zafi, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 14 cikin ɗari da molibdinam kusan kashi 4, haɗin da yake hana tsatsa kuma yake sa baki ya daɗe bai dakushe ba. Daga baya ya koma ga ATS-34 na kamfanin Hitachi na Japan, wanda haɗinsa ya yi kusa da na farkon, kuma waɗannan ƙarafa biyu sun zama abin da akasarin masu ƙera wuƙa da hannu suka dogara da shi na tsawon shekaru. Bai kasance maƙerin zugazugi da masaba ba. Yakan zana siffar a kan sandar ƙarfe, ya yanke, ya gurje a kan injin gurza mai bel, yana fitar da ɗan kwarmi a gefen ruwan wuƙar domin bakin ya yi siriri. Kubensa na fata ne mai zurfi da ake jiƙawa a matse shi a jikin wuƙar har ya ɗauki siffarta, ya riƙe ta ba tare da maɓalli ko ɗamara ba.

Ba mutum ne mai ɓoye sirrin sana'a ba, kuma wannan yana cikin dalilan yaɗuwar salonsa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ƙera wuƙa da hannu ta Amurka a 1970, wadda daga baya ya shugabanta, kuma a 1977 ya fitar da littafin koyar da ƙirar wuƙa tare da Richard Barney, wanda mutane da yawa suka fara sana'ar da shi. A Japan, inda ƙirar takobi da wuƙa take da tsohon tarihi, masu sana'ar sun karɓi salonsa hannu biyu, har yau kuma akwai gwanaye a can da suke yin samfuransa da tsabtar aikin da wani lokaci take zarce tasa. Wannan ya sa dole mai tarawa ya raba abu biyu a zuciyarsa, wato gwanintar tsarawa da gwanintar aiwatarwa, domin wanda ya fi iya goge ƙarfe har ya yi ƙyalli kamar madubi ba lallai ne ya iya hango inda tsini ya kamata ya sauka ba.

Idan aka zo zaɓen samfuran da za a tara, mafi yawan masu shiga harkar idonsu yakan tafi kan Big Bear, babbar wuƙar faɗa mai ruwa da ya haura inci takwas, mai makari biyu, wato ƙarfen da yake gitta ƙota don kare hannu, na biyun yana bayan yatsan manuni domin a ji daɗin fizgo ta. Ita ce ta fi tsada kuma ta fi wuyar samu, kuma babu shakka tana da kwarjini, amma kuskure ne a fara da ita. Wuƙar da ta fi koyar da mai ita wane ne Loveless ita ce ƙaramar mai saukakken tsini, domin a cikinta ne duk shawarwarinsa suka haɗu ba tare da wani abu da ya yi saura ba, kuma wanda ya riƙe ta na ɗan lokaci zai fara ganin kurakuran wasu wuƙaƙen da a da bai lura da su ba. Bayan ta, wadda ta cancanci kulawa ita ce Chute, gajeriyar wuƙa mai makari ta gefe biyu da aka tsara domin mai saukar laima, wanda yake bukatar abin da zai yanke igiya da shi kuma ya rayu da shi a daji, domin ita ce take nuna yadda mai tsarawar ya warware matsalar da ba ta farauta ba da hannu iri ɗaya. New York Special kuwa, 'yar ƙaramar wuƙa ta ɓoyewa a jiki, ta fi dacewa da wanda yake son ganin iyakar ƙanƙantar da salon zai iya yi bai rasa kamanninsa ba. Wuƙaƙe uku da aka zaɓa domin kowace tana amsa wata tambaya dabam sun fi bayyana gwani fiye da goma da aka tara saboda an ji labarin tsadarsu.

Akwai masu bin wata hanyar, wato su tsaya a kan samfuri ɗaya su tara shi daga zamani dabam-dabam, kuma a nan tambarin da ke jikin ruwan wuƙar shi ne jagora. Tambarin Delaware yana nuna shekarun farko, na Lawndale yana nuna lokacin da salon yake kan nuna, na Riverside kuwa ya mamaye sauran rayuwarsa har rasuwarsa a watan Satumba na 2010. Akwai kuma 'yan wuƙaƙe masu ɗauke da sunansa haɗe da na Steve Johnson, wanda ya yi aiki a shagonsa a farkon shekarun 1970 kafin ya zama gwani mai zaman kansa, kuma ƙarancinsu ya sa ana nemansu ruwa a jallo. Ya kamata kuma mai saye ya san cewa a shekarun baya Jim Merritt, abokin aikinsa na tsawon lokaci, yana da hannu dumu-dumu a wuƙaƙen da suka fito daga shagon Riverside, kuma ya ci gaba da yin su bayan rasuwar maigidan. Wannan ba aibi ba ne, domin aikin Merritt mai kyau ne ƙwarai, sai dai wanda yake biyan dubban daloli yana da haƙƙin sanin abin da yake biya wa. Tsadar ta kuma jawo 'yan jabu, kuma tun da kwaikwayon tambari ya fi kwaikwayon hannu sauƙi, masana sukan fi dogara da gurzar wutsiya, da yadda aka like makari da ruwan wuƙa ba tare da tabo ba, da ɗinkin kube, da kuma sanin hannayen da wuƙar ta bi kafin ta iso kasuwa.

Loveless kansa bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba ganin wuƙaƙen da ya tsara domin daji suna ƙarewa a cikin akwatunan ƙarfe, ba su taɓa yankan ko igiya ba, kuma ƙorafin nasa yana da tushe, domin ba a iya sanin amfanin saukakken tsini ta bayan gilashi. Sai dai da wuya a ga laifin wanda ya ƙi kai wuƙar da ta kai kuɗin mota wurin fiɗa, tun da wasawa ɗaya tak tana rage darajarta a kasuwa. Mafitar da masu hankali a cikin harkar suka samu ita ce su ajiye ta asali, su kuma nemi wadda za su yi aiki da ita daga cikin samfuran da shi da kansa ya tsara wa kamfanoni irin su Gerber da Schrade, ko daga hannun wani maƙeri da yake bin salonsa yana sa nasa sunan a fili. Ita kuwa ta ajiya, ana shafa mata ɗan mai a adana ta a busasshen wuri, a ware ta da kubenta, domin jemammiyar fata tana riƙe danshi kuma tana ɗauke da sinadaran jima da suke iya ɓata makari su bar ɗigo-ɗigon tsatsa ko a kan ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa.