Idan Jar Fitilar Birki Ta Kama

Jama'a, da yawa daga cikin mutanenmu na Zango da tuƙin trotro suke ci da iyali, wasu da Urvan, wasu da Hiace. Mun lura akwai direbobin da jar fitilar birki kan kama a gabansu, sai su liƙa mata takarda su ci gaba da lodi. To, bari mu duba abin da fitilar nan take faɗi.

Da fari a tabbata an sauke birkin hannu sarai, don shi ma yakan kunna ta. In an sauke ba ta mutu ba, a duba robar man birki. Mai yakan ragu a hankali yayin da fatar birki ke cinyewa; in fatar ta kai milimita 3, a canza ta, kada a jira ƙarfe ya fara kuka. Amma in an cika yau gobe ya sauka, yoyo ne. A leƙa bayan kowace taya a nemi danshi, kuma motar nan ba ta ɗaukar fasinja sai an gyara.

Ƙafa ma tana ba da labari. Birkin da ya yi laushi, sai an taka sau biyu ko uku kafin ya kama, iska ce ta shiga, a sa makanike ya fitar. Wanda yake nutsewa a hankali kana riƙe da shi, robobin masta ne suka gaji.

Maganar mai kuwa, nan ne muke da ƙorafi. Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa, wajen 140 ya ishe shi. Ka ɗauki mota cike da mutane tana gangarowa daga Aburi, ko daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, direba ya ɗora ƙafa tun daga sama: mai ya tafasa, birki ya tafi ƙasa, babu komai. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, kuma ake sauka gangare da ƙaramar giya. Masu zuba ruwan sabulu don tsimin 'yan sidi, Allah ya shirye su. Baƙin mai kuma kumbura robobi yake yi.

Fitilar ABS mai ruwan ɗorawa ba ta kai ja tsanani ba. Galibi datti ne ko waya ta tsinke a jikin taya. Birki zai kama, sai dai taya na iya ƙullewa a kan santsi. In su biyun suka kama tare, a faka nan take.

Mai sayen tsohuwar mota, ya murɗa makulli kafin ya tayar da inji. Dole fitilun su kama na ɗan lokaci. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an cire mata ƙwai ne, sai a kai ta Suame ko Abossey Okai a duba kafin a biya kuɗi.