Ɗigon baƙin mai a tsofaffin motoci: Ba kullum sil ke da laifi ba

Duk inda aka ajiye tsohuwar mota ta kwana, da wuya a ɗauke ta da safe ba a tarar da baƙin tabo a ƙasa ba. Da yawa daga cikinmu mun taso muna ganin haka a ƙarƙashin Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. Wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma masana'antar PAN da ta fara aiki a Kaduna a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har yau ake samun ta a gidajenmu, wasu matasa ma sun gaje ta daga iyayensu.

Sau da yawa wannan ɗigo daga karanshaf yake fitowa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji idan fistin-fistin suka tura ta. Tana da kai biyu da suka leƙo waje: na gaba yana ɗauke da fulin da ke jan bel, na baya kuma yana riƙe da filawil, inda kuloci ke kamawa. Aikin sil shi ne ya bar ƙarfen ya yi ta juyawa, amma ya hana mai biyo shi waje.

Injinan da ba duka suke da sil ɗin roba irin na yanzu ba. Wasu tsofaffin motocin Amurka igiya ce ake dannawa cikin wani kwari ta zagaye karanshaf. Ita kuwa Volkswagen Beetle ba ta da sil ko kaɗan a ɓangaren fuli. Wani faifai ne da zanen murɗe suke mayar da mai ciki yayin da inji ke juyawa. Irin waɗannan injina ɗan damshin mai ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Abin tsoro shi ne ɗigon da ke ƙaruwa kullum.

Idan mai ya zubo ta baya, yana iya jiƙa farantin kuloci, sai mota ta riƙa ihu ba ta gudu, musamman a hawa. Idan kuma man ya ragu direba bai lura ba, metal ɗin da karanshaf ke kwance a kai za su cinye, daga nan sai inji ya buga. Sil kansa ba shi da tsada, amma kafin a kai ga na baya sai an sauke giyabos da kuloci da filawil, ko a fitar da injin baki ɗaya. Kuɗin aikin ya ninka na kayan.

Wannan ne ya sa bai kamata a yi gaggawar canza shi ba. Da farko a wanke injin tas, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, sannan a bi sawun man daga sama. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka gasket ɗin murfin saman inji na iya yoyo, man ya bi ta bayan injin, a ɗauka sil ne.

Idan an tabbatar daga karanshaf ne, sai a tambayi dalili. Babban abin da ake mantawa shi ne numfashin inji. A kowane bugu, ɗan hayaƙi yana kuɓucewa ta gefen ringi ya sauka inda mai yake. An yi masa bututun fita, amma ƙura da dattin tsohon mai suna toshe shi. Idan ya toshe, iskar da ta taru za ta nemi hanya, kuma sil ne wuri mafi rauni. Ko sabo aka sa, ba zai daɗe ba. A buɗe murfin zuba mai inji na aiki. Idan hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, a duba bututun da ringi tukuna.

Dalili na biyu shi ne ƙarfen kansa. Bayan shekaru, leɓen sil yana yin zane a jikin karanshaf. Idan farce ya maƙale a zanen, sai an sa siririn zoben ƙarfe ya rufe wurin, ko a ɗan gusa da mazaunin sabon sil. Haka nan idan karanshaf yana wasa gaba da baya fiye da kima. A injin Beetle, wasan da aka yarda da shi tsakanin milimita 0.07 ne zuwa 0.13.

Sauran rigakafin yana hannun mai mota. Kada a cika baƙin mai ya wuce layin sama na geji, domin karanshaf zai riƙa dukan sa yana watsa shi ga sil. A canza shi a kan lokaci, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Kada a bar mota ta yi watanni a ajiye, domin roba tana bushewa ta tsage. A kula da zafin inji, shi ma yana ƙandarar da ita. Wajen sa sabon sil kuwa, a shafa mai a leɓensa, a shigar da shi daidai ba a karkace ba.

Ga ɗaliban makarantun koyon sana'a da yaran gareji, wannan darasi ne da zai bambanta su da wasu. Bakaniken da ya duba bututun numfashi kafin ya taɓa giyabos, ya tsirar da mai mota daga biyan kuɗin aiki sau biyu, kuma irin sa ake nema idan wata matsalar ta taso.