Yadda Ake Gina Layin Dogo A Cikin Kwamfuta

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani nau'i da ake kira kwaikwayon tuƙin jirgin ƙasa. A cikinsa mutum kan zauna gaban allo tamkar yana cikin kan jirgi, ya saki birki, ya ƙara wuta, ya bi sigina, ya tsaya a kowace tasha a kan lokaci. Wannan bayani zai nuna wa jama'a yadda masu sha'awar wasan ke gina layin dogo na gaskiya a cikinsa, da kuma abin da aikin nasu ke koyarwa game da jirgin ƙasa.

Asalin wasan

A shekarar 2001 kamfanin Microsoft ya fitar da wasan Microsoft Train Simulator. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Auran na ƙasar Ostireliya ya fitar da nasa mai suna Trainz. Dukansu biyun sun zo da manhajar da ke ba mai wasa damar shimfiɗa nasa layin, maimakon ya tsaya ga wanda kamfani ya tanada. Daga baya aka sami Train Simulator na kamfanin Dovetail Games, da kuma Open Rails wanda masu aikin sa-kai suka rubuta ake kuma samun sa kyauta.

Wasan na Microsoft ya zo da layuka shida daga Amurka da Jafan da Ingila da Ostiriya. Ɗaya daga cikinsu shi ne layin da ya haɗa garin Settle da birnin Carlisle a arewacin Ingila, wanda aka buɗe wa fasinja a 1876. Da shi za mu yi misali.

Mataki na farko: shimfiɗar ƙasa

Kafin a aza dogo ko ɗaya, sai an fara daidaita ƙasar da zai bi: tudu da kwari, dutse da rafi. A watan Fabrairu na shekarar 2000 kumbon Endeavour na hukumar NASA ta Amurka ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da na'urar rada. Daga 2014 aka fara sakin awo mafi dalla-dalla na Afirka da sauran sassan duniya, wanda ke ba da tsayin ƙasa a kowace tazarar mita 30. Mai gina layi kan sauko da irin wannan awo daga intanet ya zuba a cikin wasan, sai tsaunuka su tashi a inda suke a zahiri.

Sai dai abin lura shi ne, awon mita 30 ba ya nuna ƙananan ayyuka, kamar cikon ƙasar da aka yi don ɗaga dogo ko inda aka yanke tudu domin ya wuce. Waɗannan da hannu ake gyara su, ana duba hotunan tauraron ɗan'adam da tsofaffin taswirori.

Mataki na biyu: hawa da kwana

A nan ne ake gane ƙwararre. Layin Settle zuwa Carlisle yana da tsawon kimanin kilomita 116, kuma injiniyoyin da suka gina shi ba su bari hawansa ya wuce ɗaya cikin 100 ba. Ma'ana, duk mita 100 da jirgi ya yi gaba, mita ɗaya kawai ya hau. Ga mai tafiya a ƙasa wannan ba hawa ba ne. Ga jirgi mai jan taragu masu nauyi kuwa babban aiki ne, domin ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta kama shi sosai kamar yadda tayar mota ke kama kwalta. Daga Settle jirgi kan yi sama da kilomita 20 yana hawa, sannan daga baya ya kai ƙololuwar layin a Ais Gill, mita 356 bisa matakin teku.

Idan mai gini ya sa hawan ya zama ɗaya cikin 200 bisa kuskure, jirgin cikin wasan zai haye tudun ba tare da wahala ba, kuma duk wanda ya san layin zai gane an yi ƙarya. Haka batun kwana yake. Ana shigar da faɗin kowace kwana bisa takardun injiniyoyi, a kuma ɗan ɗaga dogon da ke gefen waje kamar yadda ake yi a zahiri domin kada jirgi ya karkata waje.

Faɗin layi ma abin kula ne. Layukan Ingila suna da tazarar milimita 1,435 tsakanin dogayen biyu, kamar layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu kuwa, wanda ya iso Kano a 1911 ya kuma kai Nguru a 1930, milimita 1,067 ne. Wanda zai gina Kano zuwa Nguru a cikin wasa dole ya nemi dogo da taragu na wannan awo, ko ya ƙera su da kansa.

Mataki na uku: sigina da gine-gine

Bayan dogo sai sigina, da alamun iyakar gudu, da wuraren da titin mota ya gitta layi. Kowanne sai an kafa shi a daidai mazauninsa. Daga nan a koma kan gine-gine. Gadar Ribblehead da ke kan layin Settle tana da baka 24, tsayinta kuma mita 32. Mai gini kan zana irin wannan gada da manhajar zane kamar Blender, ya lulluɓe ta da hoton dutsen ainihi. Har ila yau akan naɗi ƙarar inji da ta ham a saka, a dasa itatuwan da suka dace da yankin. Layi ɗaya kan ci wa mutum watanni, wani lokaci ma shekaru.

Amfaninsa ga jama'a

Duk wanda ya taɓa tuƙa jirgin kaya a kan layin da aka gina bisa awo na gaskiya zai fahimci abin da baki bai isa ya fahimtar da shi ba. Jirgi mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa kan yi fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya bayan an kama birki, kuma direba ba shi da sitiyarin da zai kauce. Idan ya hango mota ko garken shanu a kan dogo, sau da yawa lokaci ya riga ya ƙure. Saboda haka ne kamfanonin jiragen ƙasa na ƙasashe da dama ke horar da direbobinsu da manyan na'urorin kwaikwayo. Darasin ya shafi makiyaya da direbobi da masu kasa kaya a bakin dogo, haka kuma jami'an ƙananan hukumomi da ke ba da izinin gini kusa da layi.

Bugu da ƙari, aikin hanya ce ta adana tarihi. Tauraron ɗan'adam zai nuna inda dogo ya ratsa Ringim ko Malam Madori, amma ba zai faɗi inda tankin ruwan jirgin gawayi yake a dā ba, ko inda ake lodin gyaɗa. Wannan sani yana wurin tsofaffin ma'aikatan reluwe da dattawan gari. Domin haka ana shawartar jami'ai da masu unguwanni su kula da tsofaffin hotuna da taswirori da takardun tashoshin da ke yankunansu. Matashin da zai nemi su kuma ya nemi izinin hukumar jiragen ƙasa kafin ya shiga harabar tasha, kada kuma ya hau kan dogo domin ɗaukar hoto ko awo.