Giyar da Ta Ƙi Zama a Lamba Huɗu

Peugeot 504 ɗin kawuna ba ta taɓa tofar da giya ba sai da aka sa mata injin da ya fi nata lafiya. Tsohon injin ya gaji, ruwa yana haɗuwa da baƙin mai, ga hayaƙi, ga zafi, amma duk da haka in ka sa giya a lamba huɗu tana nan daram har ka isa inda za ka. Sabon kuwa bugu ɗaya yake tashi, ba ya zafi, ba ya shan mai. Sai ga motar ta fito da halaye uku da ba a san ta da su ba. In za a tashi a lamba ɗaya, ana sakin kuloci sai ta ɗauki karkarwa. In an miƙe hanya a lamba huɗu aka ɗaga ƙafa daga totur, sai sandar giya ta yi tsalle ta koma firi. In kuma ta kwana, da safe a tarar da ɗigon mai daidai inda inji da giya suka haɗu.

Motar haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975. Injinta shi ne wanda Peugeot ke kira XN1, silinda huɗu, mai girman 1971 cc, an kwantar da shi a karkace digiri 45. Da 505 ta fito a 1979, ita ma an ɗora mata irin wannan injin, shi ya sa kawu bai yi wata-wata ba ya sayo na 505 cikin kayan Beljiyam. Kanikanci ba sana'arsa ba ce. Tsohon malamin makaranta ne mai son sifana, kuma tun da ya yi ritaya ya rantse ba wanda zai ƙara taɓa masa mota in ba a gabansa ba. A ƙofar gida aka yi aikin, da sarƙar ɗaga inji ta aro rataye a reshen darbejiya, shi da babban ɗansa. Suka cire kafireto da ƙafafun inji da fulawil daga tsohon suka mayar a sabon, suka sa sabon faifan kuloci. Da aka zo haɗa inji da giya, inda kowa ya san ana shan gumi, abin ya shige sumul. Kawu ya daɗe yana ba da wannan labari a majalisa.

Robobin da inji ke zaune a kansu aka fara zargi, kuma zargin yana da hujja: in sun mutu, inji da giya sukan yi lilo, su kawo karkarwa, har su fizgi sandar giya. Aka sa sababbi. Ba abin da ya canja. Wani ya ce iska ce a kuloci, tunda na 504 da mai yake aiki. Aka fitar da iska. Ni dai ban ga haɗin iskar kuloci da giyar da ta riga ta shiga ta zauna ba, amma aikin ba ya cin kuɗi, ba wanda ya hana.

Sai aka koma kan ɗigon man. Na inji ne ko na giya? A mafi yawan tsofaffin motoci hanci ne ke raba gardama, don man giya yana da warinsa mai ƙarfi. A 504 hanci ba ya aiki, saboda baƙin man inji ake zuba wa giyarta, warinsu ɗaya. Ɗan kawu ne ya yi dabara, ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa ya danne da duwatsu. Man da ke cikin inji ya riga ya yi baƙi da aiki, wanda ya ɗiga a takarda kuwa garau yake. Aka buɗe kusar auna man giya, aka ga ya ragu. To, giya tana zubar da mai, giya tana tofar da lamba huɗu, me ya rage? Majalisa ta yanke hukunci cewa tsohuwar giya ce ta kasa ɗaukar ƙarfin sabon inji. Magana ce mai daɗin ji, sai dai injin biyu iri ɗaya ne, kuma giyar ta ɗauki wannan ƙarfin tun motar tana sabuwa.

Duk da haka kawu ya sayo wata giyar. Sauke giyar 504 ba wasa ba ne, don farfelarta tana cikin bututun ƙarfe da ya haɗe giya da aksul na baya, sai an kwance baya an ja shi kafin a sami sarari. Suka yi, suka ɗora, ita ma ta shige ba gardama. Kulocin ba su taɓa shi ba, tunda sabo ne. Karkarwar tana nan. Bayan 'yan kwanaki, a hanyar Zariya, sanda ta yi tsalle ta koma firi.

A nan ne kawu ya sauke girman kai ya kira wani dattijo da suke salla tare, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin haya ƙirar Peugeot. Dattijon bai buɗe bonet ba. Ya zauna a benci ya ce, "Malam, lamba uku tana fita?"

"Ba ta fita."

"Biyu fa? Ribas?"

"Huɗu kaɗai, Alhaji."

Sai ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. A giya mai lamba huɗu irin wannan, in ji shi, ɗaya da biyu da uku duk ta wani shaf na gefe ƙarfi ke zagayawa kafin ya fita baya. Huɗu ce kaɗai ake ƙulle shaf ɗin gaba, wanda ke shiga cikin kuloci, da shaf ɗin da ke fita zuwa farfela, su zama abu guda. Ƙullin kuwa 'yan ƙananan haƙora ne ke riƙe da shi, kuma ba sa zama sai shaf biyun suna kan layi ɗaya. In na gaba yana rawa, haƙoran sukan zame a hankali har su saki. Rawar nan ita za ta sa mai ya sami hanya ta wuyan giya, ita za ta sa faifan kuloci ya kama a karkace. Halaye uku, ciwo ɗaya. Giya biyu kuma ba za su yi ciwo iri ɗaya a mota ɗaya ba sai in daga waje ake ɗora musu shi.

Yana cikin magana idonsa ya kai kan durom ɗin ruwa da ke gindin bango. An rufe shi da wani siririn faifan ƙarfe mai haƙora a gefe.

"Wancan daga ina?"

Ɗan kawu ya ce, "Baba, da shi injin ya zo. Mun ga bai yi kauri ba, muka cire muka sa fulawil ɗinmu."

"Kusoshin wa kuka ɗaure da su?"

"Na tsohon."

"Madalla, nan kun tsira, don na wancan ba lallai su kai ba. Amma injin nan na otomatik ne. Ku sauke giya, ku cire kuloci."

Da aka cire, ya ce wa kawu ya zura yatsa a ramin da ke tsakiyar gindin karanshaf. Yatsa ya shige har ƙarshe, ba komai. Suka je wajen tsohon injin da ke jingine an rufe shi da buhu. A nasa ramin akwai ɗan zoben tagulla, bushin da tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba.

Shaf ɗin gaba na giyar hannu wuri biyu yake dogara: boris a cikin giya, sai kuma hancinsa da ke shiga wannan bushin. In babu bushin, ya zama muciyar da aka riƙe ta can ƙarshe ana juyawa, ga nauyin faifan kuloci rataye a kansa, inji kuma yana juyi dubbai a minti. Motar otomatik ba ta da wannan shaf. Gangar mai ce ake ɗaure wa siririn faifan nan, hancin gangar ya zauna a ramin, don haka babu bushin ɗin giyar hannu a wurin. Mai sayarwa bai cuci kowa ba, inji ya ce lafiyayye ne, kuma lafiyayyen ne. Shigewar nan sumul da kawu yake alfahari da ita ma ta sami bayani: hancin shaf bai tarar da ƙaramin ramin da zai nema ba.

Dattijon ya cika ramin tsohon injin da giris, ya sa sandar ƙarfe daidai bakin bushin ya buga da guduma. Giris ba shi da wurin gudu, sai ya turo zoben waje. Ya cinye, amma da shi aka je kasuwa aka samo sabo, kuɗinsa bai kai na galan ɗin baƙin mai ba. Aka jiƙa shi a mai ya kwana, aka buga shi a hankali ya zauna. Faifan kulocin da aka saya sabo, sifirin ɗin tsakiyarsa sun riga sun yi sako-sako, dole aka sake wani, aka saita shi da guntun tsohon shaf da dattijon ya zo da shi a aljihu. Wannan karon giya ta yi gardama sosai kafin ta shiga.

Karkarwa ta tafi, lamba huɗu ta zauna. Giyar farko da aka buɗe, boris ɗinta na gaba ya lalace, haƙoran lamba huɗu sun dakushe, ta zama ta cire-cire. Ta biyun ce a motar, kuma da yake ita ma ta ɗan sha rawar, tana ɗan tsattsafar da mai ta wuya, sai kawu ya riƙa shiga ƙasa lokaci-lokaci yana duba mata mai.