Bindigar iska a Magariya da Dungas: ta zomo da kurciya ce, ba ta barewa ba

Da zarar an kawar da amfanin gona a yankunan Magariya da Dungas na jihar Damagaram, hankalin wasu magidanta da matasa kan koma kan farauta. Daga cikinsu akwai masu sha'awar bindigar iska, wadda ke harba ɗan harsashin dalma ba tare da albarushi ba. Sai dai kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya san abin da za ta iya da wanda ya fi ƙarfinta.

Wace iri ta dace?

Iri uku aka fi sani. Ta farko mai sifirin ce, wadda ake karya bututunta a ɗana ta da hannu. Ba ta buƙatar komai sai harsashi, shi ya sa ta fi dacewa da mazaunin karkara. Ta biyu, mai suna PCP, tana da ma'ajiyar iska da ake cikawa da famfo na musamman har matsin ya kai kimanin bar 200. Ta fi saiti, amma ta fi tsada, kuma gyaranta sai gwani. Ta uku tana aiki da ƙananan kwalaben iskar CO2, ƙarfinta kuma yana sauyawa da zafi ko sanyin gari.

Faɗin baki da ƙarfi

Mai bakin milimita 4.5 ta wadatar wa kurciya da hasbiya. Zomo, kurege, gafiya da zabon daji kuwa sun fi buƙatar mai milimita 5.5, saboda harsashinta ya fi nauyi. Kada a ruɗu da gudun harsashi da ake rubutawa a jikin kwali. Abin dubawa shi ne ƙarfin bugu, wanda ake aunawa da jul. A Ingila, da bindigar da ba ta wuce jul 16 ba ake harbin zomo, amma daga kusa, kamar mita 30.

Manyan namun daji fa?

Irin waɗannan bindigogi ba sa kashe barewa ko gada nan take. Rauni kawai za su yi mata, ta gudu ta mutu a daji, naman ya zama mushe. A wasu jihohin Amurka ana farautar manyan dabbobi da bindigar iska mai bakin milimita 9 zuwa sama, amma wannan wani makami ne daban mai tsadar gaske. Faransa kuwa ta haramta farauta da bindigar iska baki ɗaya.

Me doka ta ce?

A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji. Ta tanadi lasisin farauta, ta kuma jera dabbobin da aka hana taɓawa, irin su raƙumin dawa da jimina. Saboda haka, kafin a saya, a fara zuwa ofishin jami'an gandun daji a ji ko an yarda da irin bindigar, da takardun da ake buƙata, da lokacin da aka buɗe farauta. Haka kuma kada a tsallako da ita daga Babura ko Maigatari ba tare da izini ba.

Kulawa

A riƙa rufe ta daga ƙurar hunturu, kada kuma a ɗiga man inji a inda take matsa iska, domin yakan kama da wuta ya ƙona roba. Magariya yanki ne mai cunkoson jama'a, harsashin kuma kan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci. Kafin a danna kunama, a duba ko akwai makiyayi ko yaro bayan abin da ake nufi.